Sinimar Zahiri da Rayuwar Masunta: Waiwaye Daga Sisili da Ayoru Zuwa Gulbin Rima

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin ƙasar Gobir, ko ta bakin makaɗan fada, ko ta rubuce-rubucen malaman jihadi, ko kuwa ta rahotannin Turawan mulkin mallaka, zai tarar da sunayen sarakuna da fagagen yaƙi a jere: Babari, da Bawa Jan Gwarzo, da Yunfa, faɗuwar Alƙalawa a 1808, yaƙin Gawakuke a 1836, kafuwar Tsibiri, sa'an nan kafuwar Sabon Birni a rabi na biyu na ƙarni na 19. To, amma Alƙalawa a bakin gulbi aka gina ta, haka ma Isa da Sabon Birni. Mutanen da suka ciyar da waɗannan garuruwa da kifi, suka kuma riƙa ƙetarar da mayaƙa da fatake a lokacin cikar ruwa, da wuya a ji ɗuriyarsu a cikin waɗannan madogarai. Dalili kuwa a fili yake: masunci ba ya da maroƙin fada, ba ya kuma barin littafi a bayansa.

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata hanyar adana tarihin irin waɗannan mutane, watau fim. Za a bi diddigin yadda sinima ta nuna rayuwar masunta tun daga 1929, a tsaya a kan abin da ya faru a garin Ayoru na Jamhuriyar Nijar a 1954, sa'an nan a dawo gida a ga abin da majigi da finafinan Hausa suka yi da masuntanmu. Daga ƙarshe za a kawo dalilan da suka sa aikin ya zama na gaggawa a yankin Sabon Birni da Isa, har zuwa ƙauyukan kan iyaka irin su Burkusuma.

2.0 Abin da Ake Nufi da Sinimar Zahiri

A wannan takarda, sinimar zahiri na nufin fim ɗin da ya ɗauki rayuwar talaka mai cin guminsa a matsayin jigonsa, aka ɗauke shi a ainihin wurin da mutanen suke zaune, da harshensu, kuma sau da yawa su da kansu suke fitowa a ciki maimakon ƙwararrun 'yan wasa. Wannan salo ya yi ƙarfi a Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da babban ɗakin shirya finafinai na birnin Rum ya koma sansanin 'yan gudun hijira, masu shirya fim suka fita titi da na'urorinsu. Daga nan aka samu *Roma città aperta* na Roberto Rossellini a 1945, da *Ladri di biciclette* na Vittorio De Sica a 1948, wanda duk labarinsa bai wuce na lebura da aka sace wa keken da yake neman abinci da shi ba.

Domin sauƙaƙa nazari, za a auna kowane fim da ma'aunai uku. Na farko, shin ya bi kifin daga ruwa har kasuwa, ya nuna mai jirgi, da mai taru, da mai yanka farashi, da wanda asara take faɗawa kansa? Na biyu, muryar wa ake ji a ciki, ta masuntan ko ta baƙon da ya zo ɗaukarsu? Na uku, su masuntan sun ga fim ɗin, an kuma saurari hukuncinsu a kansa? Masanin tarihi yana da ruwa da tsaki a waɗannan tambayoyi, domin su ne suke nuna masa iyakar abin da zai dogara da shi a cikin hoton da yake kallo.

3.0 Masunta a Finafinan Ƙasashen Waje

A 1929 John Grierson ya fitar da *Drifters*, fim marar magana a kan masuntan Birtaniya da ke fita teku da jiragen hayaƙi. Ya nuna shimfiɗa taru da dare, da jawo shi cikin igiyar ruwa, da gwanjon kifi a tashar jirgi. Wata hukumar tallata hajojin daular Ingila ce ta biya kuɗinsa, saboda haka ya girmama aikin, amma bai tono maganar rabon riba ba.

Shekara 5 bayan haka, a 1934, Robert Flaherty ya kawo *Man of Aran*, a kan mazauna wasu tsibirai da ke yammacin Ayalan. Hotunan sun ƙayatar ƙwarai, har fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Benis. Sai dai iyalin da aka nuna haɗa su aka yi, ba 'yan gida ɗaya ba ne, kuma farautar ƙaton kifin da aka nuna suna yi da mashi, an daɗe da barin ta a tsibiran, sai da aka sake koya musu saboda fim. Wanda ya ɗauki wannan fim a matsayin shaidar yadda mutanen Aran suke rayuwa a 1934, ya yi tuya ya manta da albasa.

A Meziko kuwa, ma'aikatar ilmi ta ƙasar ta ɗauki nauyin *Redes*, ma'ana taruna, wanda Paul Strand ya ɗauki hotonsa, Fred Zinnemann da Emilio Gómez Muriel suka shirya, aka fitar a 1936. An yi shi a garin Alvarado, kuma akasarin waɗanda suka fito masuntan garin ne. Labarin masunci ne wanda ɗansa ya mutu don rashin kuɗin magani, ya tashi yana haɗa kan 'yan'uwansa a kan ɗan kasuwar da shi kaɗai yake sayen kifinsu. A nan ne aka fara ɗora ma'auni na farko sosai.

Wanda ya kai wannan salo ƙololuwa shi ne Luchino Visconti, da *La terra trema*, watau ƙasa tana girgiza, a 1948. Ya ɗauko tushen labarin daga littafin Giovanni Verga na 1881, ya tafi ƙauyen Aci Trezza a tsibirin Sisili, ya sa masuntan ƙauyen suka yi wasan da karin harshensu, wanda mutanen arewacin Italiya ba sa fahimta sai da mai bayani. Saurayi 'Ntoni ya gaji da zaluncin dillalai, har ya jefa sikelinsu cikin teku. Ya jinginar da gidan gado a banki domin iyalinsa su riƙa sayar da kifinsu da kansu. Da farko sun yi kamu mai kyau, suka cika ganguna da kifi mai gishiri. Amma bashi ba ya jiran yanayi: dole ta sa suka fita ranar hadari, jirgin ya lalace, dillalai suka saye gangunan da arha, banki ya karɓe gida, ƙanensa ya gudu, daga ƙarshe 'Ntoni ya koma ƙwadago a jirgin mutanen da ya yi wa tawaye. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma sauran kashi biyu da Visconti ya yi niyya, a kan masu haƙar ma'adinai da manoma, ba a yi su ba. Duk da haka ya bar wa masana tarihi fuskoki, da tufafi, da kayan aiki, da harshen wani ƙauye kamar yadda suke a 1947 da 1948. Ya kuma bayyana abin da kowane masunci a Yawuri ko Goronyo zai gane nan take, cewa mai jari yana iya jiran hadari ya wuce, talaka kuwa ba ya iyawa.

4.0 Kogin Kwara: Jean Rouch da Sorko

Fim na farko da ya shahara a kan masuntan yankinmu a kogin Kwara aka yi shi. Jean Rouch, Bafaranshe, ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi. A Yamai ya haɗu da Damouré Zika, ɗan gidan masunta na ƙabilar Sorko, wanda ya zama abokin aikinsa har ƙarshen rayuwa. A tsakanin 1946 da 1947 Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin a kwale-kwale tun daga mafarinsa a Gini har bakin teku a Nijeriya, tafiyar kimanin kilomita 4,200. A hanya ya ɗauki hoton farautar dorina da ƙaramar na'ura wadda yake riƙewa a hannu.

Abin da ya sami waɗannan hotuna a Faris darasi ne babba. Kamfanin labaran majigi da ya saye su ya yanka su yadda yake so, ya ɗora musu kiɗa da sharhi mai zuzuta baƙin duhun Afirka, ya sa wa fim ɗin suna *Au pays des mages noirs*, ma'ana a ƙasar baƙaƙen bokaye. Bugu da ƙari, ya juya tsarin al'amarin. Sorko suna yin bikin iskoki ne kafin farauta, don neman izinin mai ruwa. Kamfanin ya mai da shi ƙarshe, kamar dai murnar nasara ce. Kowane hoto a fim ɗin na gaskiya ne, amma jerin da aka yi musu ya mai da su ƙarya. Ya kamata ɗalibin tarihi ya riƙe wannan misali a duk lokacin da aka ce masa gani ya kori ji.

Rouch ya koma a 1951 tare da Roger Rosfelder, ya zauna watanni da Sorko na Firgun da Ayoru, ya yi *Bataille sur le grand fleuve*, watau yaƙi a kan babban kogi. A nan an ga yadda ake ɗinka katakon babban jirgin farauta, da ƙera zago, da neman yardar Harakoy Dikko, wadda Sorko suka ɗauka ita ce uwar ruwa. An ga sun kashe dorina mace, sun kama ɗanta da rai, amma tsohon namijin da suka fi nema ya farfasa musu jirgi ya tsere da zaguna a jikinsa. Fim ɗin ya ƙare da rashin nasara, kuma ba a ɓoye hakan ba.

A 1954 Rouch ya kai fim ɗin Ayoru da injin wuta, ya haska wa mutanen da ke cikinsa. Bayan sun kalla sau da yawa, sai suka soki kiɗan mafarauta da ya ɗora a kan wurin farautar. Suka ce dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa kuwa ƙara mata ƙarfin zuciya zai yi. Shiru ake yi a wannan farauta. Rouch ya karɓi gyaran, ya kuma mai da komawa da fim wurin masu shi wata ƙa'ida ta aikinsa. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Littafin da ya rubuta a kansu da Faransanci ba su iya karanta shi ba, balle su gyara. Fim kuwa sun gyara shi a dare ɗaya. A wannan zama ne aka ƙulla shawarar *Jaguar*, wanda aka ɗauka a 1954 da 1955 aka fitar a 1967, inda masunci Illo Gaoudel, da makiyayi Lam Ibrahim Dia, da Damouré suka tafi cin rani Gwalkwas, wadda take Gana a yau, Illo ya ɓuge da dako a tashar jiragen ruwa ta Ankara. Su da kansu suka yi sharhin fim ɗin da bakinsu.

Idan aka ɗora ma'aunanmu, *Bataille* ya cika na uku, amma ya gaza a na farko da na biyu. Farautar dorina al'amari ne na lokaci lokaci, ba ita take ciyar da gida kullum ba. Ba a ga kasuwa ba, ba a ga matan da ke banda ba, kuma muryar Rouch ce take bayani da Faransanci. A kan irin wannan ne Ousmane Sembène na Senegal ya zarge shi a 1965 da cewa yana kallon mutanen Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Ya kamata a tuna cewa dokar Laval ta 1934 ta ƙuntata ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa take mulka, har 'yan ƙasa ba su samu riƙe na'ura sosai ba sai bayan mulkin kai. Amma daga ƙarƙashin Rouch ɗin ne Oumarou Ganda ya fito. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Indocina, yana dako a tashar jirgin Abijan lokacin da ya fito a *Moi, un noir* na 1958. Daga baya ya shirya *Cabascabo* a kan tsohon sojan da kuɗinsa suka ƙare, da *Le Wazzou polygame* wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. Ya rasu a 1981. Shi kuwa Rouch hatsarin mota ya kashe shi a Fabrairun 2004 kusa da Birnin Ƙonni, a cikin ƙasar Hausa.

Akwai wani abu da ya haɗa aikin Rouch da mu kai tsaye. A 1950 ya buga maƙala a mujallar *Africa* a kan Sarkawa, masunta masu jin Hausa da suke tasowa daga Kabi da Yawuri, su haura kogin Kwara su yi watanni suna kamu, su dawo da busasshen kifi kasuwannin Nijeriya. Sunan Sarkawa kansa yana da dangantaka da Sorko. Ke nan sarkancin ƙasar Hausa da sana'ar da aka gani a Ayoru reshe ne na itace guda.

5.0 Majigi, Argungu da Finafinan Hausa

A ɓangaren Ingilishi, fim ya shigo Arewa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce gidajen sinima na 'yan kasuwa, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937, inda finafinan Amurka suka fara cin kasuwa, na Indiya suka gaje su. Ta biyu ita ce majigi, motar gwamnati da ke zagaya garuruwa tana haska fim a ƙofar fada. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Ikko, shi ya fara amfani da fim don wa'azin tsabta, kuma shi aka ba shugabancin sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Manufar majigi koyarwa ce: ga malam wawa mai bin tsohuwar hanya, ga malam mai hankali da ya bi shawarar malamin gona. *Baban Larai* na shekarun 1950 a wannan layi yake. Auduga da gyaɗa su ne gwamnati take fitarwa waje, su take karɓar haraji a kansu, saboda haka manomi ne ya samu shiga majigi, shi ma a matsayin ɗalibi.

Inda masuncin Hausa ya fi bayyana a gaban na'ura shi ne Argungu. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta zama alamar sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan gabar kusan ƙarni guda. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon duniya a 2016, kuma an farfaɗo da shi a 2020 bayan tsaikon kimanin shekara 10. Hoton da duniya ta sani shi ne dubban mutane suna rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, sai a fito da giwan ruwa a ɗora a sikeli a gaban manyan baƙi. Wannan hoto yana da amfaninsa, domin ya adana kabanci da kayan su na gargajiya. Amma kamun bai wuce na sa'a guda ba a shekara, a ruwan da aka hana taɓawa don ranar. Wanda zai auna rayuwar masunci da wannan rana, kamar mai auna cin abincin gida ne da ranar Salla.

*Shaihu Umar*, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya nuna cewa ana iya yin babban fim na tarihi da Hausa. Da aka shiga zamanin bidiyo da *Turmin Danya* na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, sai kasuwa ta ja akalar masana'antar zuwa soyayya, da rikicin kishiyoyi, da gado, da waƙa da rawa irin na Indiya. Baƙauye kuwa akasari a wasan barkwanci yake fitowa. Abin lura shi ne, Indiyar da ake koyi da ita tana da *Chemmeen* na Ramu Kariat, wanda aka yi a 1965 a kan masuntan Kerala, ya haɗa soyayya da maganar bashin sayen jirgi da taru, ya ci lambar zinariya ta shugaban ƙasa, ya kuma yi kasuwa. A Senegal ma Paulin Vieyra ya yi *Môl* a kan matashin masunci mai neman sa wa kwale-kwalensa inji. Saboda haka hujjar cewa labarin masunta ba ya sayuwa ba ta da ƙarfi.

6.0 Gulbin Rima: Abin da ke Salwanta

Ruwan gabashin Sakkwato daga gulabe uku yake taruwa: Gagare, da Bunsuru, da Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ta wajen Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, ya sake dawowa Nijeriya a yankin Sabon Birni. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ta raba Gobir biyu, amma ba ta raba ruwan ba. Su a irin wannan gulbi da ambaliya yake tafiya. Da damina ruwa yakan malala cikin fadama, kifi ya hauro ya yi ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su yi girma a ruwa marar zurfi. Da ruwa ya janye sai kifin ya maƙale a tafkuna da gurabe, a nan ake kama tarwaɗa, da ƙarfasa, da kurungu, a kuma tono gaiwa daga busasshiyar laka. Da yawa daga masu wannan aiki manoma ne da damina, masunta da rani. Sarkin Ruwa shi yake da ikon hana su a wani gurbi da buɗe shi, kuma gidan sarkanci ne ake kai wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya.

Wannan tsari ya gamu da jarrabawa iri uku. Ta farko fari ne, na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, wanda ya ƙafar da tafkuna da dama. Tafkin Kalmalo na ƙasar Illela misali ne sananne. Ta biyu madatsun ruwa ne. Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ta tashi mutum kimanin 44,000 a ƙasashen Yawuri da Borgu. Ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, an fi tuna ta da kisan manoman da suka nemi diyya a Afrilun 1980, amma binciken W. M. Adams ya nuna cewa ƙauyukan da ke ƙasa da ita sun yi asarar ambaliyar da suke noma da su da ita, kamun kifi ya ragu ƙwarai. A kan Rima kanta an kammala madatsar Goronyo a 1984, aka kuma datse Gulbin Maraɗi daga sama a Jibiya. Madatsa takan tare hanyar da kifi yake bi ya haura, ta kuma canja lokacin zuwan ruwa da yawansa. Gaskiya ne takan haifar da sabon su a tafkinta, sai dai wannan su ne na mai jirgi da tarun roba, watau na mai jari ko mai cin bashi. Tambayar *La terra trema* ke nan ta iso gida. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta cinye ƙauyuka a kwarin Rima har ta karya gadar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta nuna ɗaya fuskar al'amarin.

Jarrabawa ta uku ita ce ta 'yan bindiga. Tun daga 2019 dubun dubatar mutane daga wannan yanki da maƙwabtansa suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, kuma a ƙarshen Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. Su sana'a ce ta dare da asuba, a bakin ruwa nesa da gari, kuma kifi ba ya jiran a buɗe hanya kafin ya ruɓe. Idan ƙauye ya watse, gona tana nan ana iya komawa gare ta. Amma sanin sunan kowane gurbi, da wanda ya gaje shi, da watan da ake buɗe shi, a kan dattawa yake, kuma da su yake tafiya.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, sassan Hausa da na Tarihi a kwalejojin ilmi da jami'o'inmu su karɓi ɗaukar fim a matsayin hanyar bincike, daidai da hira da rubutu. Wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ta fi na'urar Rouch ta 1947 nesa ba kusa ba, domin tasa ba ta ɗaukar sauti, kuma daƙiƙoƙi kaɗan take yi a sake ɗaure ta.

Na biyu, a bi shekarar masunci gaba ɗaya, daga saƙar koma da gyaran jirgi, zuwa kamu, da banda, da ciniki a kasuwar Sabon Birni ko ta Shinkafi, har zuwa ranar biyan bashi. A shigar da matan da suke gyara kifi da suya, domin rabin sana'ar a hannunsu take.

Na uku, a bar mutane su yi magana da Gobirancinsu, kada a mayar musu da shi Hausar Kano don gyara. Visconti ya yi asarar kasuwa saboda karin harshen Sisili, amma shi ne ya ba fim ɗinsa daraja a wurin masana a yau.

Na huɗu, kada a fitar da kome sai masu shi sun gani sun yarda. A halin da ake ciki wannan ya wuce ladabi, ya zama maganar rai: fuskar mutum, ko hanyar da yake bi zuwa ruwa, ko yawan abin da ya samu, na iya jawo masa bala'i idan suka faɗa hannun da bai dace ba. Inda shiga ƙauye ya gagara, ana iya fara aikin da dattawan da suka yi hijira zuwa Sakkwato, da Isa, da Gidan Rumji, tare da haɗa kai da takwarorinmu na Jami'ar Maraɗi.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ɗaukar hoton masunci a bakin ruwansa bai isa ya mai da fim shaidar tarihi ba. Flaherty ya raya sana'ar da ta mutu, kamfanin Faris ya juya farko ya koma ƙarshe, hotunan Argungu sun tsaya a rana guda. Waɗanda suka bar abin dogaro su ne waɗanda suka bi kifi har wurin mai sikeli, kamar *Redes* da *La terra trema*, da wanda ya koma ya zauna a gaban masu sana'a suka gyara masa, kamar yadda aka yi a Ayoru a 1954. Masuntan Rima sun ga fari, sun ga madatsa, suna kuma ganin tashin hankali, duk a cikin rayuwar mutum ɗaya. Dattawan da suka san gulbin kafin 1984 sun haura shekara 60 a yau. Nauyin ɗaukar bayaninsu, da muryarsu da hannuwansu a kan aiki, yana kan malamai da ɗaliban wannan yanki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.